Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Masunta da Masu Kiwon Kifi, Zariya

Assalamu alaikum, iyayenmu dattawan ruwa da 'yan'uwa mambobi.

Babu abin da ya ci lokacin kwamiti a bana kamar maganar gidan sauro. Da ruwa ya ja baya bayan damina, mun zagaya bakin Galma da Kubanni, muka tarar ana jan kifi da gidan sauron da aka raba don kare yara daga zazzaɓi. A wata mashaya mun ga 'ya'yan karfasa an shanya a kan buhu, ko tsawon ɗan yatsa ba su kai ba. Wani dattijo ya damƙo su a tafin hannu ya ce wa yaron da ya kama su: "Ɗana, abincin baɗi ka kwashe." Aka zauna, aka yanke cewa duk wanda aka kama da gidan sauro ko ya zuba guba a ruwa, za a karɓe kayansa. Masu kamun kifi da birgi da mamari da gura su ci gaba da sana'arsu. An karɓe kayan wasu, an kuma sha surutu, har da na 'yan'uwan wasu daga cikinmu.

Masu kiwon tarwada kuwa, tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 janareton canza ruwa ke cinye ribarsu, ga tsadar abincin kifi. Mun yi bitar haɗa shi da masara, waken suya, ƙuliƙuli da garin kifi. Gaskiya nutsewa yake yi, kuma kifi bai kai saurin girma ba, amma aljihu ya huta.

Kasuwa ta ɗan yi mana daɗi. Duk da gaɓar tekun Najeriya ta kai kusan kilomita 853, titus da shawa da kote na ƙanƙara galibi daga waje ake shigo da su, farashinsu dala yake bi. Da farashin katan ya tashi, masu saye a Sabon Gari suka dawo kan tarwada da banda, matanmu masu banda suka samu ciniki.

Ziyarar cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa, kusa da Kainji, ba ta yiwu ba, asusu bai kai ba. Masu bashin kuɗin wata sun san kansu; ma'aji zai zo da littafi ranar taro.

Sakatare, a madadin kwamiti.