Likita, Yaya Za A Yi Da Motsin Bakin Da Magani Ya Haddasa?

Assalamu alaikum Likita. Allah ya ƙara basira, ya saka maka da alheri bisa wannan fili.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren masu lalurar ƙwaƙwalwa, kuma shawara nake nema a kan wata baiwar Allah mai shekara 58. Shekara shida ke nan tana shan haloferidol, wani maganin lalurar ƙwaƙwalwa, miligiram 5 safe da dare. Hankalinta ya kwanta, tana harkokinta lafiya lau. Sai wata takwas da suka wuce bakinta ya soma motsi shi kaɗai. Za ka gan ta tana tauna alhali ba komai a bakin, leɓɓanta na tsotsar juna, harshen ya leƙo ya koma. Idan aka ce ta buɗe baki ta bar harshen a kwance, sai ka ga yana murɗawa a ciki. Idan aka sa ta taɓa babban yatsa da sauran yatsu ɗaya bayan ɗaya, motsin bakin ya ƙaru. Da barci ya ɗauke ta kuwa, komai sai ya tsaya cak. An duba haƙoranta, ba ta da na roba balle a ce su ne ba su zauna daidai ba. Yanzu gefen harshenta ya fara miki saboda cizo, kuma ta daina son shiga mutane, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

A fahimtata wannan shi ne motsin da ke zuwa a makare, wanda likitoci ke kira tadif diskainiziya. Maganin yana toshe kafofin da sinadarin dofamin ke aiki ta cikinsu a can tsakiyar ƙwaƙwalwa, inda ake daidaita motsin jiki. In toshewar ta daɗe, ana ganin kafofin kan zama masu saurin amsawa fiye da kima, ɗan dofamin kaɗan sai ya tayar da motsi. Tsofaffi, musamman mata, sun fi shiga haɗarin. Maganin amai na metokilofuramaid ma yana jawo shi, shi ya sa a 2009 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin kada a wuce mako 12 ana shansa.

Inda matsalar take shi ne benzhekzol, wanda aka fi sani da Artane, maganin da take sha don rage illar motsi da haloferidol ke kawowa. Da motsin ya bayyana sai aka ƙara mata shi daga miligiram 2 zuwa 5, abin kuwa ya daɗa muni. An saba ɗaukar duk motsin da irin waɗannan magunguna suka kawo abu ɗaya, alhali sun bambanta. Akwai murɗewar gaggawa da kan zo cikin kwanaki biyar na farko, galibi ga matasa: wuya ya karkace, idanu su kafe sama, muƙamuƙi ya ƙage. Wannan allurar firosaikilidin kan sake shi cikin mintoci. Akwai kuma sandarewar jiki da karkarwar hannu mai kama da cutar Fakinsin, nan ma benzhekzol na da amfani. Amma motsin da ya zo a makare, benzhekzol ƙara masa wuta yake yi. Haka idan aka ƙara haloferidol, motsin zai lafa na ɗan lokaci, a zaci an yi nasara, alhali rufe shi aka yi yana ci ta ƙasa.

To Likita, ga inda na tsaya. Na san ba a yanke haloferidol rana ɗaya, don motsin kan fi tsananta a makonnin farko, ciwon asali kuma yana iya dawowa. A ganinka wanne za a fara janyewa, benzhekzol ko haloferidol, kuma tazarar mako nawa za a bari tsakanin ragi da ragi? Ni na fi karkata ga a fara da benzhekzol a hankali, a ga abin da ya rage na motsin, amma ina tsoron sandarewa ta biyo baya.

Sai batun sauya haloferidol da wani magani. Kilozafin ne ya fi ƙarancin jawo wannan motsi, sai dai yana buƙatar gwajin jini duk mako a watannin farko saboda yana iya karya fararen ƙwayoyin jini. In ba za a iya riƙe wannan gwaji ba, kwetiyafin zai wadatar ga mai shekarunta? Balbenazin, maganin shi kansa wannan motsi da aka amince da shi a Amurka a 2017, ba ko'ina ake samunsa ba. Makamancinsa tetirabenazin ya fi samuwa, amma yana iya jefa mutum cikin matsananciyar damuwa, ita kuwa ta riga ta fara keɓe kanta. Shin ya dace a gwada shi da ƙaramin awo, ko a jira tukuna?

'Ya'yanta suna tambaya ko bakin zai koma yadda yake. Na san wasu kan samu sauƙi bayan watanni, wasu kuma motsin ya zauna. Ka taimaka mini da yadda zan faɗa musu gaskiya ba tare da sun tsorata sun hana ta shan magani gaba ɗaya ba.

Na gode, a huta lafiya.

Taka,
Ma'aikaciyar jinya