Koke Kan Mayar da Tsohon Layin Dogo Hanyar Masu Takalmin Taya

Zuwa ga Mai Girma Hakimi, ta hannun Dagaci.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ban girma, mu masu koyar da wasan takalmin taya da iyayen yaran da ke yin sa muna roƙon ka shige mana gaba kan layin dogon nan na bayan gari da jirgi ya daina bi. Rashin fili ne ya jefa yara kan titi suna maƙale wa bayan Keke Napep. Filin na Hukumar Jiragen Ƙasa ne, sai da izininta, kuma takardarka ta fi tamu nauyi a wurinta da wurin ƙaramar hukuma.

Layin dogo ba shi da hawa da gangara mai tsanani, birkin takalmin kuwa ɗan roba ne a dunduniyar dama. Shi ya sa ya dace. A jihar Bajiniya ta Amurka an mayar da wani layi mai kilomita 72 irin wannan hanya bayan jirgi ya daina bi a 1968. Mu kilomita 2 sun ishe mu farawa.

Sai dai, Allah ya ba ka nasara, ba kowace kwalta ba. Takalmin tayoyi huɗu ne a jere, tsayin kowace bai wuce milimita 80 zuwa 100 ba. Tsakuwa kamar ƙwayar gyaɗa ta shiga tsakanin biyu, taya ta cije, yaro ya kife a kan tafin hannu. Don haka kwaltar feshi da ake watsa wa tsakuwa ba za ta yi ba. A kwashe duwatsun dogo, a zuba burji santimita 15 a daɓe sosai, sannan a shimfiɗa kwalta mai laushi santimita 5. Faɗi kada ya gaza mita 3, domin mai gudu yana wurga ƙafa dama da hagu, shi kaɗai yakan ci kusan mita ɗaya da rabi. A ɗan karkata ta gefe guda, santimita 2 a kowace mita, a kuma yashe tsofaffin kwalbatoci. Ruwa in ya kwanta yashi yake bari, yashi kuwa shi ke cinye boris ɗin tayoyin takalmin.

Darbejiya muna son inuwarta, amma a dasa ta mita 3 daga gefe, saiwarta tana ɗaga kwalta. A kowace mashiga a kafa turakun ƙarfe, tazarar mita ɗaya da ɗan kai, mota da Keke ba za su wuce ba. Babur dai zai kutsa, wannan sai umarninka ga masu unguwanni da 'yan sintiri.

Shara duk Asabar mun ɗauka, kuma ba yaron da zai hau ba hular kwano da kariyar gwiwa da ta wuyan hannu.

Allah ya ja zamaninka.

Mu ne talakawanka,
Masu koyarwa da iyayen yara.