Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Babban Daraktan FAO, Qu Dongyu

Mai girma Babban Darakta,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne game da yadda hukumarku ta FAO, wato Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, take hasashen makomar abinci a duniya.

A shekarar 2009 FAO ta ce sai an ƙara abincin da ake nomawa da kashi 70 cikin ɗari kafin 2050, sannan a 2012 aka sake lissafi, adadin ya koma kashi 60. Gyaran ba laifi ba ne. Abin damuwar shi ne adadin farko ya yaɗu a jawabai da jaridu tamkar magana ce da babu ja a kanta, an manta da zato-zaton da aka gina shi a kai. Shi ya sa na yaba da rahotonku na 2018, wanda ya shimfiɗa hanyoyi uku zuwa 2050, ciki har da wadda tazara tsakanin mai shi da marar shi take ƙara faɗi.

Sai dai lissafin kwamfuta ya fi ƙwarewa a kan abin da ke tafiya sannu a hankali, kamar yawan jama'ar da ake sa ran zai kai biliyan 9.7, ko ɗumamar yanayi, ko abin da kadada guda take bayarwa. Yunwa kuwa ba ta yin sallama. Daga ƙarshen 2007 zuwa tsakiyar 2008 farashin shinkafa ya ninka kusan sau uku, alhali noma bai gaza ba. Indiya da Biyetnam ne suka taƙaita fitar da ita, masu saye suka firgita, kowa ya shiga ɓoyo. A watan Maris na 2022, jiragen ruwa masu dakon alkama na tsaye cik a tashar Odesa ta ƙasar Yukren saboda yaƙin Rasha da Yukren, ma'aunin farashin abinci na hukumarku ya kai inda bai taɓa kaiwa ba.

Roƙona shi ne a mayar da irin wannan girgiza ta zama ginshiƙi a cikin kowane hasashe, a kuma auna ƙarfin aljihun magidanci kamar yadda ake auna tan-tan na hatsi, tunda mutane kimanin miliyan 733 da kuka ce sun yi fama da yunwa a 2023 ba don rumbunan duniya sun ƙare suka kwana da ita ba. Duk adadin da za ku fitar kuma, a haɗa shi da mafi ƙanƙanta da mafi girman abin da zai iya kasancewa, a jimla ɗaya, yadda mai karanta jawabi ba zai iya raba su ba.

Ka huta lafiya.

Naka,
Wani mai bibiyar al'amuran noma