Wasiƙa zuwa ga Umma daga Manchesta

Assalamu alaikum Umma, ina wuni, ya gida, ya su Baba da Yaya da yara? Mu nan Alhamdulillah, sai sanyi.

Umma na ji saƙonki kan bikin Auta, don Allah kar ranki ya ɓaci, ba za mu samu zuwa ba. Takwararki ta sake kwanciya asibiti satin da ya wuce, abu ya fara kamar mura, da daddare na auna jikinta na ga 38, kuma dama sun ja mana kunne in zafi ya kai haka kar mu tsaya ba ta farasitamol, mu taho kawai. Suka ɗauki hoton ƙirji suka goga auduga a hancinta, ashe wata ƙwayar cuta ce wai RSV ta sauka huhu. Aka sa mata oksijin, ina zaune ina kallon haƙarƙarinta na shiga yana fita, wallahi Umma ban runtsa ba. Yanzu da sauƙi sosai, har ta ci shinkafa.

Dashen ɓargon da aka yi mata ya yi kyau, ɓargon yayanta ya kama, ciwon sikila bai sake tashi ba. Amma kafin dashen sai da suka kashe nata ɓargon da magani mai ƙarfi, garkuwar jiki ta tafi da shi, kuma har yanzu tana shan maganin da ke danne garkuwar don kar sabon ɓargon ya far wa jikinta. Kwana 100 na farko sun fi haɗari, ita ko rabi kawai ta wuce. Murar da yaran gidanmu ke yi suna wasansu, ita sai ta kwantar da ita.

To ki duba bikin nan cikin hunturu ne, ga ƙura ga taron mata ga turaren wuta, likita ya ce ko ƙurar gini da ƙasar lambu akwai fumfuna a ciki mai kama huhu. Rigakafinta ma duk sabo za a sake, na ƙyanda sai bayan shekara 2.

Garin maganin da Gwaggo ta ce za ta aiko a yi mata godiya a ce ta bari, an hana. Saftirin ɗinta dai, maganin da ke kare ta daga ƙwayoyin cuta, ba ma fashi.

Gudummawata tana wajen Yaya. A sa mana ita a addu'a, ranar kamu kuma a kira mu ta bidiyo.

'Yarki