A riƙa rubuta bashi, ko da ta WhatsApp aka yi cinikin

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon fili in yi magana da 'yan'uwana 'yan kasuwa a kan wata al'ada da ta shigo mana tare da babbar waya, wadda take ta ɓata tsakanin mutanen da suka daɗe suna cin arziƙi tare. Ni akawu ne a wajen dillalan albasa a nan Sakkwato. Aikina riƙon littafi: buhu nawa ya shigo daga Wurno ko Goronyo ko Gada, nawa aka loda zuwa Legas ko Anacha, wa ya biya, wa ake bi. Al'adar da nake nufi ita ce ƙulla cinikin bashi da saƙon murya na WhatsApp kaɗai, ba tare da an rubuta ko harafi ɗaya ba.

Duk wanda ya san kasuwa kafin zuwan wayar salula a 2001 ya san alherin da waya ta kawo. A da sai ka loda mota ka zauna kana addu'a, ba ka san yadda kasuwa ta tashi a Mile 12 ta Legas ba sai mai rakiyar kaya ya samu hanyar aiko da labari. Yau kafin rana ta take ka ji farashin Legas da na Illela, har an turo maka bidiyon kayanka ana saukewa. Mun ƙara sanin darajarta a watan Satumba na 2021, da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan saboda 'yan bindiga, sai ga manomi yana shigowa gari takanas don kawai ya tambayi farashi. A farkon 2023 kuma, da takardun Naira suka yi wuya, tiransifa ce ta riƙe kasuwa. Saƙon muryar shi ma rahama ne ga mutanenmu. Dattijon da bai yi boko ba yana tsaye bakin rudunsa na ajiyar albasa, ya danna ya faɗi abin da ke ransa da Sakkwatancinsa, ba ya neman yaro ya rubuta masa, ba wanda ya ji sirrinsa. Wannan ina murna da shi har zuciyata.

Inda take ɓaci shi ne ranar da aka zo biya. Kowa ya san yadda saƙon muryarmu yake: sallama, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya zafi, sai a minti na uku maganar kuɗi ta fito, ita ma cikin ƙarar tirela da hon ɗin 'yan kabu-kabu. A cikin wannan hayaniya arba'in da saba'in ba su da wani bambanci a kunne.

A bara wasu Alhazai biyu, abokan ciniki tun ina yaro, suka zo teburina da rigima a kan lodi guda. Ɗaya ya ce a kan farashin ranar lodi aka yi, ɗayan ya ce a kan na ranar da kaya suka sauka. Kowa ya rantse maganar tana cikin waya. Aka ajiye wayoyin biyu a gabana, muka shiga ja da yatsa sama. Saƙonnin murya ne jere babu iyaka, duk kamarsu ɗaya, ba abin da ke jikin kowanne sai tsawonsa da lokacin da aka aiko shi. Wurin bincike na manhajar rubutu yake nemowa, ba ya shiga cikin murya, don haka dole muka bi su ɗaya bayan ɗaya, muna jin gaisuwar suna da ta'aziyya da cinikin wasu mutane da bai kamata mu ji ba. Daga Azahar har aka kira La'asar. Da muka kai ga saƙon, abin da ke ciki shi ne: "Alhaji, a loda kawai, yadda munka saba." Shi ke nan. Shugabannin kasuwa sun sasanta su, an raba asarar biyu, amma har yau ban sake rubuta sunayensu a shafi ɗaya ba. Abin yana yi mini ciwo, domin na tabbata babu maƙaryaci a cikinsu.

To ina ga an haɗu da wanda ba ya tsoron Allah? WhatsApp yana ba wanda ya aiko saƙo damar goge shi daga wayarsa da taka har kusan kwana biyu bayan aikowa. Akwai tsarin da saƙonni ke ɓacewa da kansu bayan awa 24, ko kwana 7, ko kwana 90, kuma da yawa daga cikinmu an kunna musu shi ba su lura ba. Tun ƙarshen 2023 akwai ma saƙon muryar da sau ɗaya ake ji ya tafi. An yi waɗannan ne don kare sirrin mutane, kuma suna da amfaninsu, sai dai bashin albasa yakan kai wata uku ko fiye kafin a warware shi. A ƙarshen 2024 kamfanin ya fito da hanyar mayar da saƙon murya rubutu, amma Hausa ba ta cikin harsunan da ya fara da su.

Ita kanta wayar ba wurin ajiya ba ce. Ana sace ta a cunkoso, tana faɗawa ruwa a fadama, zafin Afrilu yana kumbura batiri. Za a ce ai akwai ajiyar Google. Haka ne, amma tambayi mutum goma a kasuwa kalmar sirrin Gmail ɗinsu ka ji. Yaron shagon da ya sayar da wayar shi ya buɗe, shi ya zaɓi kalmar, ya manta, mai wayar kuwa bai taɓa sani ba. Ranar da aka sayi sabuwar Tecno, tsohuwar hira ta tafi da duk hujjar da ke cikinta.

Malam Edita, mu a garin nan bai kamata a koya mana wannan ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka. Ta ce a rubuta shi da wa'adinsa, wanda bashin ke kansa shi zai yi shifta, a kafa shaidu, kuma kada a ƙosa da rubuta shi ƙarami ne ko babba. Cinikin hannu da hannu kaɗai aka yi wa sassauci. Na san abin da ke hana mu: kunya. Mutum yana ganin in ya ce wa amininsa "rubuto mini", kamar ya ce bai yarda da shi ba. Amma wa ya fi Sahabbai amana, waɗanda aka fara yi wa wannan umarni? Ba don ɓarayi kaɗai ake rubutu ba, ana yi ne don mantuwa da mutuwa. Na ga magada suna riƙe da wayar mahaifinsu a kulle, sun san ana bin sa kuma yana bin mutane, ba su san ko nawa ba.

Abin da nake ba da shawara ba shi da wuya, kuma da wayar nan dai za a yi shi. A yi gaisuwa da tayi da murya yadda aka saba. In an sallama, wanda ya karɓi kaya ya rubuta layi ɗaya: suna, buhu kaza, kowane a kan Naira kaza, za a biya ranar kaza, adadin kuma da lambobi. Mai kaya ya amsa a ƙarƙashinsa da "na yarda". In kuɗin da nauyi, a buɗe ɗan ƙaramin zaure na mutum huɗu, su biyu da shaidu biyu, a rubuta a can, kowa ya ɗauki hoton fuskar wayarsa. Wanda bai iya boko ba amma ya yi allo, a sa masa haruffan Larabci a wayarsa ya rubuta da ajami, WhatsApp yana karɓa. Dattawanmu da yawa sun fi mu kyan hannu a ajami, ba wanda ya nuna musu cewa waya tana ɗaukarsa.

Ga 'yan'uwana akawuna kuwa, ku koyi manhajar lissafi ta Excel ko Google Sheets, dukansu suna aiki a waya. Gida biyar sun isa: rana, suna, buhu, farashi, abin da ya rage. Manhajar ce ke haɗa jimla, in ka nemi sunan mutum sai duk tarihinsa ya fito cikin ƙiftawar ido. Duk da haka ni ban ajiye babban littafina ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya ajiye nasa. Kullum da yamma ina ɗaukar hoton shafin ranar in tura wa maigidana, ya zama lissafi yana wuri uku. Hoton rasit ɗin tiransifa kuma ba na shigar da shi a gidan "an biya" sai mai asusun ya duba ya ga kuɗin sun zauna.

Ina kira ga shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa, daga kasuwar Ramin Kura zuwa ta Kara da Babbar Kasuwa, su sa wannan cikin ƙa'idar sasanci, a san cewa za a tambayi rubutu kafin a saurari ƙara. Malamanmu kuma, in tafsiri ya kawo su ayar bashi, don Allah su ambaci waya da sunanta, domin nan cinikin ya koma. Masu shagunan waya, ku rubuta wa mai saye adireshin Gmail da kalmar sirrinsa a takarda, ku sa masa cikin kwali kafin ya bar shago.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah Ya ƙara wa jaridarmu albarka.

Naka mai karatu,
Wani akawun 'yan albasa, Sakkwato