Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya sayar mini da kusoshin toshe ramukan iska na Land Cruiser

Ranka ya daɗe Manaja, barka da aiki.

Jiya Talata na kira layinku sau huɗu. Na ukun an ɗauka, da aka ji muryata aka kashe. Shi ya sa na kawo maganar nan bainar jama'a, tunda a asirce kun ƙi saurarona.

Motar da ake magana a kanta Toyota Land Cruiser FJ60 ce ƙirar 1985, mai injin 2F, silinda shida, lita 4.2. Ta mahaifina ce, Allah ya jiƙansa, ta Kwatano ya shigo da ita, kuma irin wadda aka ƙera domin kasuwar Amurka ce. Saboda dokar hayaƙi ta can, tana ɗauke da famfon iska da bel ke juyawa, yana tura iska ta wani bututu zuwa ramuka a jikin top silinda, wato ƙarfen da ke rufe saman injin, dab da inda hayaƙi ke fita, domin ragowar fetur ɗin da bai ƙone ba ya ƙarasa ƙonewa kafin ya kai salansa. Dabara ce mai kyau a zamaninta. To amma man sitiyari ya daɗe yana ɗiga a kan famfon har ya cije, bututun kuma tsatsa ta cinye shi, hayaƙi na fita ta gefe yana ƙara kamar janareto. Na zagaya kasuwar kayan gyaran motoci ta Ƙofar Ruwa a Kano kaf ban samu wani ba. Shawarar makanikena ita ce a cire bututun a toshe ramukan.

A shafinku na Instagram kun rubuta ɓaro-ɓaro cewa kusoshinku na injin 2F ne. Ranar 6 ga Maris na tura muku naira 48,000, da 7,500 kuɗin aikowa daga Legas. Kuka ce kwana uku. Kayan suka iso bayan mako biyu da wani abu, babu rasit, a cikin leda.

Ranar 24 ga Maris, da misalin ƙarfe 11 na safe, makaniken ya ɗaura kusa ta farko. Ta yi zagaye biyu ta tsaya. Mutumin nan ya fi shekara ashirin yana taɓa motar nan, ya san hannunsa, sai ya ajiye sifana ya ce haƙoran ba su dace ba. A gabansa na kira ku, na buɗe murya kowa na ji. Ma'aikacinku ya ce, kuma ina da shaidu uku: “Haka take, Alhaji. Ku ɗaure ta da ƙarfi, matsewar ce ke hana hayaƙi fita.” Na sake tambaya ko ya tabbata. Ya ce sun sayar wa mutane da yawa. Muka bi maganarsa. Muna ɗaure kusa ta uku muka ji ƙas.

Sai daga baya, da na kai ragowar wurin mai juya ƙarfe ya auna, na gane abin da kuka aiko. Kusoshin toshe bututun ruwa ne, masu haƙoran inci, bakinsu siriri gindinsu na ƙara kauri. Ramin kuwa na Japan ne, da awon milimita aka yanka shi. Irin wannan kusa in aka matsa ta, buɗa ramin take yi kamar an buga wa itace tsinke, top silindar 2F kuma ƙarfen zubi ne, ba ya miƙewa, sai dai ya tsage. Ya kuwa tsage har zuwa hanyar ruwa. Yanzu in an tayar da motar farin tururi ke fita ta salansa, lagireto na shanye ruwa.

Na turo muku hotuna da bidiyo. Aka ce Oga ya yi tafiya. Aka ce a jira bayan Sallah. Wani lokaci a cikin Afrilu wata ta ce an tura maganar sama, ban san wace sama ba. Sai ranar 9 ga Mayu, ƙarfe 4:17 na yamma, saƙon da ya sa na kasa barci ya shigo ta WhatsApp: wai motata ta tsufa, in kai wa 'yan gwangwan, kuma wai mu can ba mu da makanikai sai maƙera. Saƙon na nan, ban goge ba. Makaniken da kuka zaga shi ne ya ce a dakata, naku ne ya ce a ɗaure.

Abin da nake nema: ku dawo mini da 55,500 ɗina. Ku biya kuɗin top silinda na hannu, wanda mafi arha da na samu 380,000 ne, ban da gaskit da kuɗin aiki. Ku kuma rubuto takardar ban haƙuri ga makaniken nan da sa hannunka.

Kuma ku sauke tallan. Yau da safe na duba, yana nan, da hoton nan da rubutun nan cewa na 2F ne. Wata biyu kenan kun san ba gaskiya ba ne. Ni yanzu ban ɗauke shi kuskure ba. Kuna sayen kayan famfo na 'yan kuɗi kaɗan, ku sa musu sunan mota, ku aika wa wanda ke Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, don kun san ba zai bar harkokinsa ya yi tafiyar yini guda ya zo ya tsaya a ƙofar shagonku ba. Injin mutum nawa kuka fasa a haka?

Na ba ku zuwa ƙarshen watan nan. Bayan haka zan kai alat ɗin banki, da hotuna, da kusoshin, da saƙon 9 ga Mayu gaban hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC.

Ni ne,
Mai farar Land Cruiser, daga Kano