Barka da Sallah daga Unguwar Aboabo a Kumasi, da Maganar Gashina

Assalamu alaikum Inna,

Barkanmu da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana ta baɗi da rai da lafiya. Ki gaishe min da Baba, da Goggo, da Yaya da iyalinsa, da Auta.

Da hantsi muka sauko daga Idi a babban masallacin Kumasi. An yi yayyafi da asuba, gari ya yi luf, na san ku kuwa kuna can kuna fama da zafin Kano. Na yi waina da miyar taushe yadda kika koya min, maƙwabta kuma suka aiko da wake da shinkafa irin tasu, wadda ake dafawa da karan dafi har ta yi ja, ga shito, wato soyayyen yajinsu, a gefe. Da na ga yara sun cika titi da sababbin kaya sai na tuna Baba yana ɗora ni a wuya a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe.

Inna, saƙon muryar da Goggo ta turo min daren ashirin da bakwai ya hana ni barci. Ta ce labari ya iso gida cewa gashina yana zubewa, kin daina cin abincin kirki, har ana shirin kai sunana wajen wani mai duba, kuma wai ido ya fi karkata kan uwargidana. Laifina ne da na ɓoye miki. Yau zan faɗa miki komai tun daga tushe.

Wata takwas ke nan. Na je kitso wajen wata 'yar garin Bawku na arewacin Ghana a bayan layinmu, tana cikin tsaga kai da kibiya sai na ji hannunta ya tsaya. Ba ta ce komai ba, ta kama yatsana ta ɗora min a ƙeya. Na ji fata sumul kamar tafin hannu, zagaye, girman kwandalar sidi ɗaya ta kuɗin nan. Ba ƙaiƙayi, ba ƙurji, ba ɓawo, ba zafi. Ta ɗauki hoto da wayata ta nuna min, na daɗe ina kallo kamar kan wata ce ba nawa ba.

Na ɗauka makero ne, na sayi man shafawa a kemis, bai yi komai ba. Aka ce in goga tafarnuwa, na goga har fatar ta ƙone ta yi ruwa, don Allah kada ki bari kowa ya yi wannan. Kafin wata biyu wurin ya zama uku, biyu suka haɗe a saman kunnen dama, wutsiyar girata ta hagu ma ta tafi. Na koma kwana da ɗankwali, ko a gaban maigida ba na cirewa.

Uwargida ce ta gane. Ta lura idan ina alwala sai in juya wa mutane baya kafin in shafa kai. Ran nan ta biyo ni ɗaki ta rufe ƙofa, ta ce, “Ƙanwata, yaye in gani.” Na yaye, na fashe da kuka. Washegari ta bar ɗinkinta, ta sa ni gaba muka hau toroto, wato ƙaramar bas ta haya, zuwa asibitin koyarwa na Komfo Anokye, ita ta bi layin kati, ita ta yi min tafinta inda Turancina ya gaza, don an haife ta a nan, Tuwi, yaren mutanen nan, a bakinta kamar Hausa.

Likitar fata ta duba kan da wani ɗan madubi mai fitila, ta ja gashin gefen wurin a hankali, ta nuna mana wasu gajeru da suka karye, ƙasansu siriri samansu ya fi kauri. Sai ta ce in miƙo hannu. Ashe farcena ma akwai 'yan ramuka kamar an tsattsaga da tsinin allura, ni ban taɓa lura ba. Ta sa aka ɗebi jini don a duba maƙoƙo, saboda cutar takan zo tare da shi a wasu mutane, kamar yadda takan zo da farar tabon fata ko asma. Alhamdu lillahi nawa lafiya lau.

Sunan abin alofeshiya ariyata. Kin san fararen ƙwayoyin jini su ne 'yan sintirin jiki, su ke kama duk baƙuwar cuta da ta shigo. To a wannan larura sai su ruɗe, su yi wa saiwar gashi taron dangi, alhali 'yar gida ce. Ba sa kashe ta, dakatar da ita suke yi, gashin ya faɗi, saiwar kuwa tana nan da ranta a ƙarƙashin fata kamar ciyawa da rani. Shi ya sa yake iya dawowa, wasu ma cikin shekara guda ba tare da magani ba idan wurin bai yi yawa ba. Kusan mutum 2 cikin 100 sukan gamu da ita a wani lokaci na rayuwarsu, maza da mata, yara da manya, a kowace ƙasa. Ba a ɗauka. Jikarki matashi ɗaya muke kwana, mataji ɗaya muke amfani da shi, gashinta cunkus. Ba azumi ya kawo ba, ba ruwan Kumasi ba, ba abincin nan ba. Daga cikin jikina ta taso, Inna, babu hannun kowa.

Ana yi min allura a cikin wuraren da suka kwaile, sitiroyid ake kiran maganin, duk bayan mako 4 zuwa 6. 'Yan tsira-tsira ne da yawa, da zafi kam, uwargida ke riƙe min hannu. Bayan ta biyu na fara jin wani abu lallausa a ƙeya kamar audugar rimi. Fari fat ya fito, na tsorata na ce furfura ce, likita ta ce haka yakan fara, daga baya ya yi duhu. Yanzu kuwa ya fara baƙi, har ana iya kama shi da yatsa biyu.

Ba zan ɓoye miki sauran ba. Cikin azumin nan wani ƙaramin wuri ya sake buɗewa a tsakiyar kai. Likita ba ta yi min alkawarin rabuwa da ita har abada ba, ta ce takan tafi ta dawo. Akwai waɗanda duk gashin kansu ke tafiya, wasu har na jiki gaba ɗaya. Irinsu ne ake ba ƙwayoyin sha sababbi, kamar baricitinib da Amurka ta amince da shi a 2022, suna da tsada kuma sai da sa idon likita. Nawa bai kai can ba, kuma ina roƙon Allah kada ya kai.

Likitar ta tambaye ni ko akwai mai irinta a dangi, don takan bi jini a wasu gidaje. A hanyar komawa gida sai Kawu ya faɗo min a rai, Allah ya jiƙansa. Kin tuna wani zagaye fayau a gemunsa na ɓarin hagu, wanda yake rufewa da rawani, aka yi ta cewa wanzami ne ya yi masa da mugun hannu? Ki tambayi Goggo ko ya dawo kafin rasuwarsa, ina son in gaya wa likita.

A hoton da Yaya ya turo na ga wani wuri fari-fari mai ɓawo a kan ɗansa. Wannan ya fi kama da makero, shi kuwa ana ɗauka. A kai shi asibiti, makeron kai sai an haɗa da maganin sha, shafawa kaɗai ba ta isa, kuma kada ya yi tarayyar hula ko injin aski da ƙannensa. Auta kuma ta rage matse kitso a goshi. Wannan zubewar daban ce da tawa, jan gashi ke kawo ta, kuma idan aka daɗe ana yi saiwar kan mutu, ba ta dawowa.

Roƙona ɗaya gare ki, don girman wannan rana. Kada a kai sunana ko'ina. Kuɗin da aka ware a ƙara wa Baba na maganin hawan jininsa. Addu'arki nake so, ita kam ba na ƙoshi da ita. Kuma a cire baiwar Allahn nan, uwargidana, daga zargi, ku kuka koya mana cewa zato zunubi ne. A garin da ba ni da uwa ba ni da uba, ita ta ga kaina a buɗe ta rufa min asiri, ko maigida daga bakina ya ji, ba daga nata ba. In maganar nan ta kai kunnenta ban san da wane ido zan dube ta ba.

Jiya da daddare ita ta yi min kitson Sallah, kalaba manya guda huɗu sako-sako, ta kwantar da gashin ta yadda ya rufe wurin. Na cike girar da jagira, na ɗaura ɗankwalin atamfata mai ruwan goro, muka tafi Idi tare. Jikarki kullum sai ta sa hannu a ƙeyata ta ce, “Umma, ya ƙara tsawo.”

Na ba wani direban motar goro saƙonku, zai taso bayan Sallah: turmin atamfa biyu naki da na Goggo, sabulun salo, da man kaɗanya. Gobe zan kira ki ta bidiyo bayan la'asar ɗinku, kin san muna bayanku da awa ɗaya. Zan cire ɗankwalin ki gani da idonki. Uwargida ma ta ce tana son ta yi miki barka da Sallah, don Allah ki amsa mata da sakin fuska.

Taki har kullum,
'Yarki ta Kumasi